Farfelar da Ban Mayar Ba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin ruwa, amin.

Na san za ka yi mamaki. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, amma ga shi sai takarda. To, ka dai san halina. In na zaunar da kai da niyyar nasiha, kafin in kai tsakiya ta koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana ta "to Baba, to Baba," alhali ba abin da ya shiga kunnenka. Ga shi kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ba ya fita a bakina, balle doguwar magana ido cikin ido. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na tsinto a soja na rubuta, na ba Innarka ta cusa maka cikin kaya.

Ka samu aikin jigilar masu haƙa rijiya da simintinsu a dajin gabas da Wudil, inda ba kwalta, ba gada, ga damina ta ƙarato. Kuma da jif ɗina za ka tafi, tun da ni yanar ido ta rufe mini na hagu, tuƙi ya fi ƙarfina. Motar nan ta tsufa, Ɗanlami. Ta gama wahalar soja kafin ta faɗo hannuna a gwanjo, ni kuma ban raga mata ba. Tsorona ɗaya ne, ba zan ɓoye maka ba: kada ta cinye mini kai. Ta taɓa cin mutum a gidan nan.

Bari in fara da ƙananan wautata, in ya so mu gangara.

Tabon nan na hannuna na dama, wanda kuke nuna wa abokanku kuna cewa na yaƙi ne, ba na yaƙi ba ne. Ban taɓa cewa na yaƙi ne ba, amma ban taɓa musawa ba, don ya fi daɗin ji. Lagireto ne. Ina sabon mai mota, na ɗauko mutane daga kasuwar Tarauni, inji ya yi zafi yana huci, fasinja suna ta ƙorafin rana. Don kada a ce direba bai san abin da yake yi ba, na ɗage murfin gaba na murɗe marfin lagireto da hannu tsirara. Ruwan ya yi tsiri ya wanke mini hannu har gwiwa. Fatar ta saluɓe, na daɗe ina cin tuwo da cokali kamar Bature. Don haka in ta yi zafi, ka kashe ta, ka nemi inuwa, ka bar masu surutu su yi ta yi. Ba su ne za su yi jinyar ba. In ta huce ka sa tsumma ka buɗe a hankali. Ruwan da za ka zuba mata kuma ka tace da ƙyalle, musamman na kududdufi, don laka tana toshe mata hanyoyi ba ka sani ba sai ta tsaya da kai a inda ko tsuntsu babu.

Kowace safiya, kafin ka taɓa makulli, ka durƙusa ka dubi ƙasan da ta kwana a kai. Ƙasa ba ta ƙarya. In ka ga baƙin ɗigo, baƙin mai ne. In ka ga jiƙa a gindin taya ta ciki, man birki ne, kada ka motsa ko nan da can. Ka zaro sandar awon mai ka goge ka sake tsomawa. Ka bi notocin tayoyi da na sifirin da sifana, ɗaya bayan ɗaya, ko da jiya ka ɗaure su, don hanyar burji tana kwance noti yadda ba ka zato. Na san kana ganin wannan aikin tsofaffi ne. Na sha hango ka kana ɗan harbin taya da ƙafa, ka leƙa ta taga, ka ce "lafiya lau take." Kai, Ɗanlami! Harbin taya ba duba mota ba ne, ko jaki ba a duba shi haka.

Wautata ta biyu ta fi wannan nauyi. Wata rana muna dawowa daga ƙauye, bututun birki ya tsage, mai ya tsiyaye tas. Na naɗe wurin da roba da waya, amma ba man da zan zuba. Sai na hango mata suna suyar ƙuli-ƙuli a bakin hanya. Na sayi man gyaɗa na ɗura, na yi ta taka birki har ya kama. Ya kuwa kawo mu gida. To, a nan ya kamata labarin ya ƙare: in wayi gari in zubar da shi, in wanke bututu, in sa na gaskiya. Ina! Sai na mai da abin abin alfahari. Na zauna teburin mai shayi ina ta cika baki, wai mu mutanen Kano ba ma bukatar man Turawa, gyaɗarmu ta ishe mu. Aka yi ta dariya ana yaba mini. Na bar shi a ciki.

Ashe yana can yana daskarewa, yana zama danƙo. Ran nan na taho ta Daurawa da kaya niƙi-niƙi, ga wani tsoho ya koro jakinsa da mangalar taki daga birni. Na taka birki, ƙafata ta ji kamar na taka tuwon jiya. Motar ba ta tsaya ba sai a kan jakin. Da tsohon ya zage ni, da na ji sauƙi. Ya zauna a ƙasa kusa da dabbar yana shafa wuyanta har ta daina motsi, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, shi ke nan gare ni." Na biya, amma biya ba ya goge irin wannan kallo. Da na kai motar wurin Oga Sande, Bayeraben makanikin nan na Sabon Gari da ka sani, ya kwance bututun ya sansana, ya dube ni ya ce, "Garba, mota kake tuƙi ko ƙosai kake toyawa?" Yaransa suka fashe da dariya, ni kuwa ban iya ko murmushi ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, gyaran hanya na hanya ne. Za ka ɗaure da waya, za ka toshe tanki da sabulu, za ka yi fambel, wato bel ɗin fanka, da igiya, za ka cusa ciyawa cikin taya in tif ya ƙi faci. Duk na yi, kai ma za ka yi, ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka iso masauki ka ce ai tana tafiya. Ranar da ka iso, ranar za ka kwance dabarar ka sa abin kirki, ko da za ka kwana da yunwa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In an ce gobe za a shiga daji, yau ake shiga ƙarƙashin mota.

In ta kafe a yashi kada ka yi ta ba ta wuta, ƙara binne kanta za ta yi. Ka sauka, ka rage iskar tayoyi, ka haƙe gabansu da shebur, ka shimfiɗa zana ko ganyen kaba, ka sa ƙaramar giya ka fita a sannu. In ruwa za ka ratsa, ka fara tuɓe takalmi ka shiga da sanda da ƙafarka, ka ji ƙasan. Ka sassauta fambel don kada fanka ta watsa wa fulogi ruwa, ka shafe wayoyi da giris. In ka haye, ka yi ta ɗan taka birki har ya bushe. Bayan nan ka duba mai, in ka ga ya yi fari kamar an dama fura, ruwa ya shiga, ka juye shi.

Yanzu sai maganar da saboda ita na ɗauki alƙalami. Duk na sama kewaye-kewaye nake yi.

Baffanka Idi, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Da wayonka lokacin da ya rasu, ka san ruwa ne ya ci shi a mashigin rafi yana tuƙa motar nan. Abin da aka faɗa muku ke nan, kuma gaskiya ne, sai dai ba duka ba ne.

Ni na koya wa Idi tuƙi, kuma na koya masa da zagi da ranƙwashi, yadda aka koya mini a bariki. Yaro ne mai sanyin hali, ba ya mayar da magana. A ranin shekarar da ya rasu, ya faɗa wani rami da kaya, ganyen sifirin ɗaya ya karye. Ya lallaɓo da ita har kasuwar Tarauni inda nake jiransa. Ranar kasuwa ce, wuri cike. Na leƙa na ga motar ta karkace, kaina ya yi zafi, na ɗauke shi da mari. Magidanci, mai mata da 'ya'ya, kuma surukinsa na tsaye a rumfar masu goro yana kallo. Hularsa ta faɗi ƙasa. Ban tsaya nan ba, na ce masa, "In ka sake kawo mini ita da rauni, gara kai ma kada ka dawo." Haka na faɗa, da bakin nan nawa. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

Daga ranar na daina yi masa magana. In akwai aiki, Innarka nake aikawa ta gaya wa matarsa. Ni ne mai laifi, ni ne kuma mai fushi. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har da kunnuwa.

A cikin kwanakin nan ne farfelar gaba ta fara ƙara. Ka san ta, sandar ƙarfen nan da ke ƙarƙashi, mai kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. Mahaɗinta ya ci. A lokacin al'adarmu ce, mu masu jif na wajen gari, in rani ya yi hanya ta bushe ƙarau, sai mu kwance ta mu ajiye, mota ta yi ta tafiya da tayoyin baya kaɗai. Muna cewa yana rage shan fetur da cin taya. In hadari ya fara haɗuwa sai a mayar. Na shiga ƙarƙashi ni kaɗai na kwance ta, na cusa ta cikin tsofaffin tayoyi a bayan zaure, da niyyar in kai wa Oga Sande ya canza mahaɗin. Yau, gobe, jibi. Mota na tafiya lafiya, aiki na shigowa, na share. Kuma mugun abin shi ne, sandar da direba ke ja a ciki don sa tayoyin gaba aiki tana nan daram, tana shiga yadda ta saba. Wanda ke zaune a kujera ba zai taɓa sanin gaban motar ba ya ja ba, sai in an gaya masa. Ni kuwa ba na magana da Idi.

Aka yi ruwan fari, aka yi na biyu. Wata safiya zazzaɓi ya kwantar da ni, ga wasu fataken fata sun yi hayar motar zuwa wata kasuwar ƙauye a kudu. Dole Idi ya kai su. Ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, akwai wani abin da zan sani game da ita?" Ka ji fa. Ya tambaya. Allah ya ba ni dama har bakin ƙofa. Na juya masa baya na ce, "Yau ka fara ganinta? Ɗauki makulli ka ba ni wuri." Na ji tashin injin, na ji ya hau hanya. Sai da azahar, na fito alwala, idona ya faɗa kan tarin tayoyin nan, gabana ya yanke ya faɗi. Amma na dubi sama na ga garau take, na ce wa kaina ai ba komai.

Sauran labarin daga bakin Malam Sule na ji, ɗaya daga cikin fataken, wanda ya iso gidan nan da rigarsa jiƙe. Ya ce a kan hanyar dawowa, wajen la'asar, suka iso mashigin. Ruwan bai wuce idon sawu ba, sai faɗin yashi. Idi ya ja sandar gaba, ya sa ƙaramar giya, ya shiga da ƙwarin gwiwa, don ya sha ratsa wurin. Suna kaiwa tsakiya tayoyin baya suka fara haƙa, na gaba ko motsi. Ya sake ja, ya sake gwadawa. Sannan ya sauka ya kwanta cikin ruwan ya leƙa ƙarƙashi. Malam Sule ya ce ya daɗe a kwance, da ya miƙe sai ya ce, "Ashe Yaya ya cire."

Suna cikin haƙa da tura, mutanen ƙauyen da ke kan gaɓa suka fara ihu, "Ruwa! Ku fito, ga ruwa nan!" An yi ruwa a can sama, a inda ba su gani ba, ga shi ya taho da itatuwa. Kowa ya watsar da abin hannunsa ya yi gaɓa. Idi ya fito tare da su, amma da igiyar kaya a hannunsa. Ya ɗaure bakinta ɗaya a gindin marke, ya juya zai koma. Malam Sule ya riƙe masa riga ya ce, "Idi, kana hauka ne? Ƙarfe ne fa!" Ya fizge, rigar ta yage, ya ce, "Malam, da wane ido zan kalli Yaya?"

Ya kai ga motar. Ya ɗaura igiyar. Bai dawo ba.

Washegari masunta suka tsinto shi can ƙasa, ya maƙale a saiwar itace. Motar kuwa tana nan inda ya bar ta, ta kwanta a gefe ɗaya, cike da yashi. Igiyar ta riƙe. Ƙullin da ni na koya masa ne, ya ɗaura shi daidai.

Jama'a suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda, ni Musulmi ne, ba wanda ke wuce ajalinsa. Amma ni na san hannun da ya kwance notocin nan, na kuma san bakin da ya yi maganar nan a kasuwar Tarauni. Malam Sule mutumin kirki ne, ya gaya mini a keɓe, bai sake gaya wa kowa ba har ya bar garin. Ni ma na yi shiru.

Akwai sauran abu ɗaya, shi ne ya fi ci mini rai. Bayan an share makoki, muka jawo motar da shanu zuwa bakin hanya, wata babbar mota ta kawo ta gida. Oga Sande ya zo har ƙofar gidan nan, muka wargaza injin, muka wanke shi gunduwa-gunduwa da kananzir, muka mayar. Na sa ƙarfen tayar da inji na murɗa, na murɗa, sai ta yi tari ta tashi. Ɗanlami, dariya na yi. Wallahi dariyar murna ta kuɓuce mini, har na bugi kafaɗar Oga Sande. Ina waiwayawa sai ga kakarka Iya tsaye a bakin zaure, ta ji ƙarar injin ta fito. Ta dube ni, ta dubi motar, ta koma ciki. Ka lura tun daga ranar ko asibiti za a kai ta, sai dai a jaki.

Za ka ce me ya sa ban sayar da ita ba. Da me zan ciyar da 'ya'yan Idi, waɗannan da ka tashi kana kira ƙannenka? Ita ta mai da su marayu, ita kuma ta ciyar da su. Shekara da shekaru ina riƙe sitiyarin da ya riƙe, ban taɓa isa bakin rafi ba tare da na tuna shi ba.

Don haka ka ji. Farfelar gaba tana jikinta yanzu, na laluba da hannuna na tabbatar, amma kada ka yarda da maganata. Ka kwanta a ƙasa ka gani da idonka. Kada ka taɓa cire ta don rowar fetur, ko da duk direbobin duniya sun cire tasu. Kuma duk wanda zai karɓi makulli daga hannunka, ko minti kaɗan ne, ko kuna gaba, ko ya zagi uwarka da safe, ka tsayar da shi ka gaya masa duk ciwon da ke jikinta. Ka gama gaya masa, sannan ku ci gaba da gabarku. Kada kuma ka wulakanta na ƙasa da kai a kan ƙarfe. Abin da ka faɗa cikin fushi kai za ka manta kafin magariba, shi kuwa zai tafi da shi har inda ba ka nan.

Na san kai ma tsorona kake ji. Kada ka musa. Ranar da ka fasa fitilar hagu a kwanar Ƙauyen Alu, ka ƙi shigowa gida, ka zauna a masallaci har sai da Innarka ta aika aka kira ka. Na gani, na kuma yi kamar ban gani ba, har ma na ji daɗi wai ana shakkata. Yau da nake rubutun nan, wannan zaman naka a masallaci shi ke hana ni sukuni, don na san irin tsoron da ke mayar da mutum cikin ruwa.

To, ga maganata, kuma Allah ne shaida. In ta kafe a rafi ka ji an ce ga ruwa, ka bar ta. In ta kama wuta, ka bar ta. In birki ya ƙi a gangara kuma akwai halin tsalle, ka yi tsalle. Kada ka koma don sifana, kada ka koma don takardu, kada ka ɗaura mata igiya. Ka shigo Gyaɗi-Gyaɗi a ƙafa, ba hula, ba takalmi, wallahi tallahi ba zan tambaye ka ina take ba.

Bakina ba shi da linzami, na san kaina. Ba mamaki sa'ad da za ka tashi na tsaya a ƙofar gida, a gaban maƙwabta, na ɗaga murya na ce, "Saura ka lalata mini mota!" In na faɗa, to, baki ne, kada ka ɗauka. Wannan takardar ita ce maganata. An taɓa dawo mini da motar nan ba direba, na ga yadda abin yake. Wannan karon, in dole sai ɗaya ne zai dawo, kai nake jira.

Innarka tana gaishe ka, da Iya, da ƙannenka duka. Ka riƙe salla ko a ƙarƙashin mota lokaci ya same ka. In ka tuna Baffanka ka yi masa addu'a, ni ma ka sa ni a ciki. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a tudu da kwari, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Allah ya yi maka albarka, amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba Direba.